Magani Ya Iso, Ya Tarar Ana Jiran Sa

A ƙarshen watan Disamba na 1940, wasu masana biyu na Jami'ar Oksfod da ke Ingila, Edward Abraham da Ernst Chain, suka buga wata 'yar gajeriyar wasiƙa a mujallar kimiyya ta Nature. Saƙonta shi ne sun sami wani sinadari a jikin wata bakteriya ta cikin hanji, wanda ke lalata fenisilin ya bar shi ba amfani. A lokacin fenisilin bai ma shiga asibitoci ba. Ɗan abin da ake da shi duk na gwaji ne, ana tace shi da ƙyar daga fumfunar da ake renowa a cikin tasoshi.

Bayan kamar makonni shida, ranar 12 ga Fabrairu 1941, likitocin Oksfod suka ɗura maganin a jijiyar wani ɗan sanda mai suna Albert Alexander, ɗan shekara 43, wanda ƙwayar cuta ta ci wa fuska har ya rasa ido ɗaya. Kwana ɗaya tak zazzaɓi ya sauka, ya fara neman abinci. Maganin ya yi ƙarancin da sai da suka riƙa tace shi daga fitsarinsa suna sake ba shi. Bayan kwana biyar ya ƙare ƙaf. Ciwon ya dawo, ya rasu ranar 15 ga Maris.

Mai karatu, dubi yadda kwanakin nan suka jeru. An gano garkuwar ƙwayar cuta tun kafin maganin ya kai ga gadon ɗan sandan. Abin da ake kira yau bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, wato a sha antibayotik ko a yi allurarsa amma ciwo ya ƙi ji, tare aka haife shi da maganin. Mafi yawan tarihinsa kuwa a ɗakunan kwanciya na asibiti ya gudana, kuma mun san shi ne saboda wasu mutane da suka zauna suka ƙirga abin da ke samun marasa lafiyarsu.

Shekarun murna

Kafin fenisilin, manyan asibitocin Turai na da ɗakuna na masu ruɓaɓɓen ciwo, inda aikin likita bai wuce ya fasa maruru, ya matse mugunya, in ta kama ya yanke ƙafa, sannan a zuba wa sarautar Allah ido. Mace ta haihu lafiya, bayan kwana uku zazzaɓi ya rufe ta, ta tafi ta bar jinjiri. Magungunan sulfa da suka fito daga Jamus a 1935 sun rage wani abu, amma cututtuka da dama sun fi ƙarfinsu.

Alexander Fleming ne ya lura a 1928, a Asibitin St Mary's na Landan, cewa wata fumfuna da ta faɗa kan farantin gwajinsa ta kashe bakteriyar da ke kewaye da ita. Bai iya tace maganin yadda za a yi amfani da shi ba. Howard Florey da Chain da Norman Heatley ne suka ɗauki aikin a Oksfod bayan shekara goma, sannan kamfanonin Amurka suka shigo da manyan tankunansu saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Zuwa 1944 akwai fenisilin da zai wadaci sojojin ƙawance da suka jikkata, kuma a Maris 1945 aka fara sayar da shi a kantunan magani na Amurka.

A watan Disambar wannan shekarar Fleming ya yi laccar karɓar kyautar Nobel, ya kuma yi gargaɗi a ciki. Ya ce lokaci na iya zuwa da kowa zai shiga kanti ya sayi fenisilin, ya sha wanda bai isa ya kashe ƙwayar ba, sai dai ya koya mata yadda za ta jure. Har misali ya kawo na mutumin da ya yi haka saboda ciwon maƙogwaro, ya shafa wa matarsa ƙwayar, ta kamu da ciwon huhu, aka ba ta fenisilin bai yi aiki ba, ta mutu. Duk wanda ya taɓa ganin ana sayar da kafso biyu ko uku a kemis ko a faranti a tasha zai gane kantin da yake nufi.

Sarkin yawa

Mutane kan ce, "Jikina ya saba da maganin nan, ba ya yi mini." Jikin mutum ba ya sabawa da antibayotik. Ƙwayar cutar ce ke canzawa, kuma ƙarfinta a yawanta yake. Bakteriya ɗaya, in ta sami abinci da ɗumi, tana iya rabewa biyu duk minti 20. A wannan lissafin, cikin awa 10 guda ɗaya ta haura biliyan ɗaya. Duk lokacin da za ta rabe sai ta kwafi rubutun halittarta, wato DNA, kuma a cikin kwafi biliyan ba a rasa 'yan kurakurai. Mafi yawansu ba su amfani ƙwayar da komai. Amma akan sami wanda ya sauya ƙofar da magani ke shiga, ko ya ba ta hanyar amayar da shi.

Da an kawo magani, sai ya share masu rauni ya bar wa mai garkuwar fili, ba abokin takara, abinci duk nata. Kafin a ankara ta cika wurin da 'ya'ya da jikoki. Sarkin yawa dai ya fi sarkin ƙarfi.

Babu inda wannan tankaɗe da rairaya ke gudana kamar asibiti. Nan aka tara mutanen da garkuwar jikinsu ta yi rauni, nan aka fi zuba antibayotik, nan kuma ake buɗe wa ƙwayar cuta ƙofofin da ba ta samu a gida: kanula a jijiya, robar fitsari, bututun numfashi, wurin da aka yi tiyata. Sannan ga hannuwa suna yawo daga wannan gado zuwa wancan dare da rana.

Matar da ta ƙirga

Ƙwayar da ta fara nuna wa duniya haka ita ce stafilokokus, mai haddasa maruru da ruɓewar rauni. Kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci ba tare da ta yi masa komai ba. In ta shiga jini kuwa, tana kisa. Farkon fitowar fenisilin, kusan duk dangin stafilokokus yana kashe su.

A Asibitin Hammersmith na Landan akwai wata likitar ɗakin gwaje-gwaje mai suna Mary Barber, wadda aka haifa a 1911. Duk samfurin mugunya da aka kawo mata takan gwada shi da fenisilin, ta rubuta sakamakon, ta adana. A 1946 ta ga kashi 14 cikin 100 na masu ciwon stafilokokus ƙwayarsu ba ta jin maganin. A 1947 suka kai kashi 38. A 1948 suka kai kashi 59. Cikin shekara biyu, maganin da jaridu ke kira abin al'ajabi ya daina aiki a kan fiye da rabin irin waɗannan marasa lafiya a asibiti guda.

Abin da ta gano bayan alƙaluman ya fi su muhimmanci. A da ana zaton kowane mara lafiya a jikinsa ƙwayar ke koyon bijirewa yayin da ake masa magani. Barber ta yi amfani da wata dabara ta tantance dangin ƙwaya, inda ake sakar mata wasu ƙananan bairos masu cin bakteriya. Kowane bairos da dangin da yake iya ci, don haka sai kowace ƙwaya ta sami lamba kamar ta mota. Da ta bi lambobin sai ta ga 'yan dangogi kaɗan ne ke zagaya asibitin. Da yawa daga cikin marasa lafiyar ba su zo da ƙwayar daga gida ba, a kan gado suka same ta. Ta kuma nuna cewa sababbin ma'aikatan jinya kan ɗauki wannan ƙwayar a hancinsu bayan sun fara aiki a ɗakunan kwanciya, su ci gaba da rarraba ta ba da saninsu ba.

Magana ce mai ɗaci ga asibitin da ke alfahari da kansa, domin ta nuna gidan waraka ya zama gidan renon cutar.

Sabon kwaɗo, tsohon mabuɗi

A 1953 wani dangin stafilokokus ya ɓulla a ɗakin jarirai na wani asibiti a birnin Sidni na Ostireliya. Jarirai suka riƙa fesowa da ƙuraje masu mugunya, masu jego kuma nononsu na kumbura ya yi ruwa. Wata masaniya mai suna Phyllis Rountree ce ta tantance shi, daga baya aka san shi da lamba 80/81. Cikin 'yan shekaru ya isa asibitocin Ingila da Kanada da Amurka, ya hallaka jarirai da dama, har wasu wuraren suka rufe ɗakunan haihuwa na ɗan lokaci.

Masu haɗa magani suka mayar da martani. Tunda sinadarin ƙwayar yana karya fenisilin ne a wata gaɓa, sai kamfanin Beecham na Ingila ya ƙera wani sabon nau'i da aka yi wa wannan gaɓar shinge. Shi ne metisilin, wanda ya shiga asibitoci a 1960. Mutane da yawa suka ɗauka an gama da stafilokokus.

Ba a rufa shekara ba. Patricia Jevons, ma'aikaciya a babban ɗakin gwaje-gwaje na gwamnati da ke Colindale a Landan, ta gwada samfuri 5,440 da aka aiko daga asibitoci daban-daban. Uku suka ƙi jin metisilin, dukansu daga asibiti ɗaya a kudancin Ingila, ɗaya ma daga jikin wata nas. Ta buga rahoton a farkon 1961. Wannan ne rahoton farko a kan abin da daga baya aka kira MRSA, wanda har yau asibitocin duniya ke fama da shi.

Uku cikin 5,440 ba abin tashin hankali ba ne a idon mutane da yawa a lokacin. Sai a 2017 masana a Birtaniya suka ɗauko tsofaffin samfuran da aka adana, suka karanta DNA ɗinsu, suka gano cewa wannan dangin ya sami garkuwarsa tun tsakiyar shekarun 1940, kimanin shekara 14 kafin a fara amfani da metisilin. Yawan zuba fenisilin ne ya rene shi. Sabon maganin ya iso ya tarar ana jiran sa.

Dalilin haka a cikin ƙasa yake. Yawancin magungunan nan daga fumfuna da bakteriyar cikin ƙasa aka samo su, kuma waɗannan halittu sun daɗe suna yaƙar juna da su, kowa da makaminsa da garkuwarsa. A 2011 masana a Kanada suka haƙo daskararriyar ƙasa mai shekara 30,000 a yankin Yukon, suka sami ƙwayoyin halittar bijire wa dangin fenisilin da tetrasaikilin da bankomaisin a ciki. Mu ne baƙi a wannan yaƙin.

Garkuwar da ake turawa

Babi na gaba daga Japan ya fito. Bayan yaƙin duniya ƙasar ta yi fama da atini, wanda bakteriyar shigela ke kawowa. A 1955 aka sami shigelar da ba ta jin magunguna huɗu lokaci guda: sulfa, sitireptomaisin, kuloramfenikol da tetrasaikilin. Lissafi ya ƙi yarda. Kuskuren kwafi ɗaya ma da wuya yake faruwa, balle huɗu su haɗu a ƙwaya ɗaya. Kuma likitoci sun lura cewa a hanjin irin waɗannan marasa lafiya, wata bakteriyar daban, E. koli, ita ma tana ƙin waɗannan magunguna huɗun.

A 1959 masana biyu, Kunitaro Ochiai da Tomoichiro Akiba, kowa a nasa ɓangaren, suka haɗa ƙwayoyin biyu a kwalba ɗaya. Garkuwar ta tsallaka daga wannan zuwa waccan. Ashe bakteriya na da wasu 'yan zobban DNA da ake kira filasmid, kuma tana iya manna jikinta da na maƙwabciyarta ta miƙa mata kwafi.

A sana'armu ta rubuta manhaja wannan sanannen abu ne. Wanda ya rubuta abu mai aiki sau ɗaya, dubban mutane na iya kwafa su saka a nasu ba tare da sun san yadda aka yi shi ba. Ko ka tuna yadda fim ɗaya ke zagaye unguwa ta Xender: ba ruwansa da wayarka Tecno ce ko Samsung, kusanci kawai yake buƙata. Haka filasmid yake. Ba sai an gada daga uwa ba, ba kuma sai an haɗa dangi ba. Bakteriyar da ba ta cutar da kowa a hanjinka tana iya riƙe garkuwa, ta miƙa wa mai kisa ranar da suka haɗu.

Masanan Turai sun yi jinkirin gaskata labarin, har sai da Naomi Datta, ita ma a Hammersmith, ta bi diddigin wata annobar salmonela da ta auku a asibitin a 1959, ta buga a 1962 cewa abin da aka gani a Japan yana faruwa a Landan.

Magungunan ajiya

Daga nan tarihin ya ɗauki salo ɗaya. A fito da magani, a ajiye shi don ranar wuya, ranar wuya ta zo, a yi ta amfani da shi, ƙwaya ta gano lagonsa. Bankomaisin, wanda aka samo daga ƙasar dajin Borneo aka kuma amince da shi a 1958, ya yi kusan shekara 30 kafin a ga wata bakteriyar hanji da ta ƙi shi a Ingila da Faransa. A 2002 aka sami stafilokokus ɗin da ya karɓi wannan garkuwar a jihar Michigan ta Amurka. A 1983 aka ba da rahoto daga Jamus na sinadarin da ke karya dangin seftiriyazon, wanda ake kira ESBL. Sai aka koma ga dangin kabafenem, kamar merofenem. A 1996 aka ɗauki wata kilebsiyela mai karya shi a wani asibiti a North Carolina. A 2008 aka sami wani sinadarin, NDM-1, a jikin wani mutum a Suwidin da ya yi jinya a Delhi ta Indiya. Likitoci suka koma ga kolistin, tsohon maganin da aka yi watsi da shi saboda yana lalata ƙoda. A Nuwamba 2015 masana suka sanar da samun garkuwarsa a kan filasmid, a jikin aladu da marasa lafiya a ƙasar Sin.

Abin da ya faru a Bethesda ya isa misali. A can ne babban asibitin bincike na gwamnatin Amurka yake, wurin da ba a rasa kuɗi ko ƙwararru. A Yuni 2011 aka kawo wata mata daga New York, an san tana ɗauke da kilebsiyela mai ƙin kabafenem. Aka keɓe ta, kowa ya sa riga da safar hannu. Ta yi wata guda aka sallame ta, aka ɗauka an tsira. Bayan makonni uku sai ga ƙwayar a jikin wani, sannan wani, sannan wani. Masu nazarin DNA a kwamfuta suka jera samfuran, suka ga bambancinsu bai wuce 'yan haruffa ba a cikin miliyoyi, alamar duk daga matar nan suka fito. Ƙwayar ta riƙa ɓuya a hanjin mutanen da ba su nuna alama ba. An same ta a magudanar wurin wanke hannu, an same ta a na'urar numfashin da aka riga aka wanke. Sai da aka cire bututun ruwa, aka gina katanga, aka ɗauki mutanen da aikinsu kawai su tsaya su ga kowa ya wanke hannu. Mutum 18 ta kama, 11 suka rasu, 6 daga ciki ita ce ta kashe su kai tsaye.

A 2016 wata dattijuwa ta rasu a jihar Nevada da kilebsiyelar da aka gwada da magunguna 26, babu wanda ya kama ta.

Rumbun kuma ba ya cika. Kusan duk dangogin antibayotik da ake amfani da su yau an gano su ne kafin ƙarshen shekarun 1980. Kasuwar ba ta jan kamfanoni, domin magani ne na mako ɗaya, kuma in ya yi kyau likitoci ɓoye shi suke yi. Kamfanin Achaogen na Amurka ya sami amincewar sabon maganinsa a 2018, ya durƙushe a 2019.

Maraɗi da Kano

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Tsakanin 2007 da 2008 masu bincike suka duba yaran da aka kwantar saboda tamowa mai tsanani a wata cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF a Maraɗi. Cikin yara 55, guda 17 sun zo da bakteriya mai ESBL a hanjinsu. Daga cikin waɗanda suka zo babu, an sake duba 16 lokacin sallama, aka tarar 15 sun ɗauka. Ɗaukar ƙwaya a hanji ba shi ne kamuwa da ciwo ba, kuma waɗannan yara ne da rayuwarsu ta rataya a kan magani. Amma darasin shi ne wanda Barber ta gani shekara 60 kafin nan: a kan gado ake samun ta, sannan a tafi da ita gida.

Daga 2015 zuwa 2017 aka gudanar da wani babban bincike mai suna BARNARDS a ƙasashe bakwai na Afirka da Kudancin Asiya, a kan jarirai fiye da 36,000. Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da ke Kano na cikin wuraren da aka yi shi, tare da asibitoci biyu a Abuja. Kilebsiyela ce kan gaba a ƙwayoyin da aka samu a jinin jariran da ba su da lafiya, kuma mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi ba sa jin amfisilin da jentamaisin, magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da su. Magungunan da suka fi kamawa kuwa sun fi tsada, kuma a wurarenmu daga aljihun uba kuɗin ke fita.

A 2022 mujallar Lancet ta buga ƙiyasi mafi faɗi da aka yi zuwa lokacin. A shekarar 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, adadin da ya haura na ƙanjamau ya kuma haura na zazzaɓin cizon sauro a wannan shekarar, tana kuma da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi muni shi ne Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Rabon Najeriya a ƙiyasin ya kai mutum 64,500 kai tsaye.

Ƙiyasi ne, domin a yawancin asibitocinmu ba a shuka jinin mara lafiya a ga wace ƙwaya ce. Gwajin na cin kwanaki, yana cin kuɗi, yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa. Sai likita ya rubuta seftiriyazon bisa zato, in bai yi ba a canza, in wannan ma bai yi ba a sake canzawa. In rai ya yi halinsa, a ce taifot ne ko sanyi ya shiga jariri. Ƙwayar ba ta da suna a takarda, don haka ba ta cikin lissafin kowa.

Abin da ya taɓa yin aiki

Tarihin nan bai ƙare da faɗuwa kaɗai ba. A ƙarshen shekarun 1950 Barber ta shawo kan likitocin Hammersmith suka amince da ƙa'ida ɗaya ta rubuta antibayotik: a taƙaita fenisilin, a daina ba da magani don kawai kar wani abu ya faru, a keɓe masu ƙwayar, a tsananta tsafta. Ta ci gaba da ƙirga, kuma a 1960 ta buga sakamakon da ya nuna rabon masu bijirewa ya ragu sosai. Ta rasu a haɗarin mota a 1965, amma tsarin kula da rubuta antibayotik da asibitoci ke bi yau yana da saiwa a aikinta.

Ƙasar Holan ta ɗauki tsarin neman MRSA tun a ƙofar asibiti, a gwada wanda ake zargi, a keɓe shi har sakamako ya fito, kuma har yau tana cikin ƙasashen Turai mafi ƙarancin wannan ƙwaya. A Jeniba, Didier Pittet ya lura ma'aikatan jinya ba su da lokacin zuwa famfo sau da yawa a awa ɗaya, sai ya sa kwalbar sanitaiza a gefen kowane gado da aljihun kowace riga. Rahotonsa na 2000 ya nuna tsabtace hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka sauka daga kashi 16.9 zuwa 9.9. A Ingila aka tilasta wa kowane asibiti ya bayyana adadin masu MRSA a jini. Daga kusan 7,700 a shekarar 2003 zuwa 2004, adadin ya faɗo ƙasa da 1,000 cikin shekara goma. Duk waɗannan nasarori ba sabon magani ne ya kawo su ba.

Ko kayan ƙirgar ma akwai su kyauta. Tun 1989 Thomas O'Brien da John Stelling a Boston suke gina wata manhaja mai suna WHONET tare da Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya shigar da sakamakon kowane samfuri, ita kuma ta fitar da jadawalin da ke gaya wa likita wane magani ne ke aiki a wannan asibitin a bana, ta kuma nuna in wata ƙwaya ta fara yawa a ɗaki ɗaya. Ana amfani da ita a ƙasashe fiye da 100, kuma tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukar ta. Aikin Barber ne aka mayar manhaja. Sai dai manhaja ba ta ƙirga abin da ba a gwada ba, kamar yadda sanitaiza ba ta maye gurbin famfon da ya ƙafe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin tsabtace hannu.

Najeriya ta fitar da shirinta na ƙasa kan wannan matsala a 2017, ta sabunta shi a 2024. A Satumbar 2024 ɗin shugabannin duniya suka yi alƙawari a Majalisar Ɗinkin Duniya cewa za su rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Wannan alƙawari a ɗakin jarirai zai cika ko ya faɗi: ko akwai ruwa a famfo, ko jariri ɗaya ne a gado, ko an ɗebi jini kafin allurar farko.

Mu da muke zaman jinya muna da namu kason. Mu wanke hannu kafin mu taɓa mara lafiya da bayan mun taɓa shi, kada mu taɓa kanula ko bandeji, mu rage cincirindon 'yan dubiya a kan jariri da wanda aka yi wa tiyata. Mu faɗa wa likita gaskiyar abin da aka sha daga kemis kafin a zo. In ya ce wannan mura ce ba ta buƙatar antibayotik, kada mu ɗauka bai iya aiki ba. In kuma an canza magani sau biyu ciwo bai ji ba, ba rashin ladabi ba ne mu tambaya cikin girmamawa ko za a iya shuka jini ko mugunyar a ga wace ƙwaya ce, da maganin da take ji. Sakamakon zai taimaki namu mara lafiyar, in kuma an rubuta an adana, zai taimaki wanda za a kwantar a gadon bayansa.